Ficewar sojojin waje daga Sahel: wa zai ɗauki laifin abin da ya biyo baya?

Daga Alajo, Accra

Ranar 15 ga Agustan 2021 mayaƙan Taliban suka shiga Kabul, a daidai lokacin da Amurka ke kwashe sojojinta bayan yaƙin shekara 20. Shekara guda cif bayan haka, ranar 15 ga Agustan 2022, rukunin ƙarshe na sojojin Faransa ya bar sansanin Gao ya tsallaka Nijar, bayan shekara tara da rabi a ƙasar Mali. Daga nan ficewar ta zama jerin gwano. Faransa ta bar Burkina Faso a Fabrairun 2023, ta bar Nijar ranar 22 ga Disamban wannan shekarar, a watan da rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya ta MINUSMA ta kammala tattara nata komatsan daga Mali. Amurkawa sun miƙa sansaninsu na Agadez a Agustan 2024, Faransa kuma ta bar Chadi a Janairun 2025.

Baƙi sun tafi, amma yaƙin bai tafi da su ba. Rahoton ta'addanci na duniya da aka fitar a 2025 ya nuna cewa fiye da rabin mutanen da ta'addanci ya kashe a faɗin duniya cikin 2024 a yankin Sahel aka kashe su. Shi ya sa a majalisun shayi na Nima da Maamobi, da ma cikin saƙonnin murya da ke yawo a WhatsApp tsakanin Accra da Yamai da Wagadugu, muhawarar ba ta ƙarewa. Wasu na cewa Faransa ce ta shuka tsiyar ta gudu, wasu na cewa sojojin da suka yi juyin mulki ne suka kori mai taimako ba tare da sun tanadi madadinsa ba. Kowane ɓangare yana da hujja, kuma kowanne yana ɓoye rabin labarin. Hanyar adalci ita ce a bi shawarwarin da aka yanke ɗaya bayan ɗaya, a duba wanda ya yanke kowacce, da abin da ta haifar.

Yadda Amurka ta raba nata laifin

Abin da ya faru a Washington ya isa misali na yadda 'yan siyasa ke jifan juna da laifi. Gwamnatin Donald Trump ce ta sa hannu kan yarjejeniyar Doha da Taliban ranar 29 ga Fabrairun 2020, ba tare da gwamnatin Kabul a kan teburin ba. Joe Biden ya gaji yarjejeniyar, ya zartar da ita. Ranar 26 ga Agustan 2021 wani ɗan ƙunar baƙin wake ya kashe sojojin Amurka 13 da 'yan Afghanistan kimanin 170 a ƙofar filin jirgin saman Kabul. A Afrilun 2023 fadar White House ta fitar da bayani mai ɗora mafi yawan laifin kan Trump. A Satumban 2024, ana dab da zaɓe, 'yan jam'iyyar Republican a majalisar wakilai suka fitar da nasu rahoton mai ɗora shi kan Biden. Dukansu sun fi maida hankali kan watannin ƙarshe, suka yi saurin wuce shekara 20 da shugabanni huɗu daga jam'iyyun biyu suka yi suna zuba kuɗi da rayuka a gwamnatin da ta rushe cikin 'yan makonni. Hausawa sun riga sun faɗa: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Irin wannan ne ke faruwa a Sahel, da bambanci guda: a Amurka aƙalla an kira janar-janar gaban majalisa sun amsa tambayoyi a bainar jama'a.

Kason Faransa

Ba da ƙarfi Faransa ta shiga Mali ba. Shugaban riƙon ƙwarya Dioncounda Traoré ne ya nemi taimako bayan masu iƙirarin jihadi sun kama garin Konna, aka ƙaddamar da farmakin Serval ranar 11 ga Janairun 2013. Da François Hollande ya sauka Timbuktu a farkon Fabrairu, jama'a sun fito da tutocin Faransa suna murna. Wanda ya musanta wannan ya musanta tarihi. Sai dai ita ma wutar da aka zo kashewa tana da asali: rushewar Libiya a 2011, wadda Faransa ƙarƙashin Nicolas Sarkozy ta kasance kan gaba wajen jawowa, ita ce ta kwararo makamai da mayaƙa zuwa arewacin Mali.

Kuskure na farko ya zo da wuri. Sojojin Faransa sun shiga Kidal ba tare da rundunar Mali ba, garin ya ci gaba da zama a hannun 'yan tawayen MNLA. A Mayun 2014, bayan ziyarar Firaminista Moussa Mara, sojojin Mali suka yi yunƙurin karɓe garin aka fatattake su. Tun daga ranar, ɗimbin 'yan Mali suka ɗauka cewa Faransa tana da wata manufa a arewa. Ko zargin gaskiya ne ko a'a, Paris ba ta taɓa iya wanke kanta daga gare shi ba.

Kuskure na biyu shi ne zaman da ba shi da ranar ƙarewa. A Agustan 2014 Serval ta rikiɗe ta zama Barkhane, mai hedikwata a N'Djamena, wadda ta kai sojoji 5,100 bayan taron Pau na Janairun 2020. An kashe manyan kwamandoji irin su Abdelmalek Droukdel a 2020 da Adnan Abu Walid al-Sahrawi a 2021, amma rikicin ya bazu daga arewacin Mali zuwa tsakiyarta, ya shiga Burkina Faso da yankin Tillaberi. Babban taron sasanta 'yan ƙasa na Mali a 2017, da wanda ya biyo baya a 2019, duk sun ba da shawarar a tattauna da Iyad Ag Ghali da Amadou Koufa. Paris ta nuna ƙarara ba ta yarda ba. Ƙasar da ta zo taimako ta zama mai iyakance wa masu gida hanyar da za su bi su sasanta rikicinsu.

Ga kuma jinin fararen hula. A Janairun 2021 jirgin yaƙin Faransa ya kai hari kusa da ƙauyen Bounti. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce fararen hula 19 aka kashe a wurin ɗaurin aure, Faransa ta ƙi amincewa. A Nuwamban shekarar, an tare ayarin motocin sojinta a Kaya ta Burkina Faso, sannan a Tera ta Nijar, inda masu zanga-zanga uku suka rasa rayukansu.

Kuskure na uku shi ne yadda aka sanar da tafiyar. Ranar 10 ga Yunin 2021, makonni kaɗan bayan juyin mulki na biyu na Kanar Assimi Goïta, kuma wata goma kafin zaɓen shugaban ƙasar Faransa, Emmanuel Macron ya bayyana cewa Barkhane za ta zo ƙarshe a tsarin da aka san ta. Hukumomin Bamako sun ce ba a shawarce su ba. A Satumba, Firaminista Choguel Maïga ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce Faransa ta yi watsi da Mali ana tsakiyar tafiya a sararin sama. Da Macron ya sanar da cikakkiyar ficewa ranar 17 ga Fabrairun 2022, ya ce sam bai yarda a kira abin gazawa ba. A Janairun 2025 ma sai ya yi ƙorafin cewa shugabannin Afirka sun manta su ce an gode. Faransa ta rasa sojoji fiye da 50 a Sahel, kuma babu mai raina wannan asarar. Amma shugaban da ya ƙi kiran gazawa da sunanta ba zai iya koyon darasi daga gare ta ba.

Kason masu gida

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gwamnatocin farar hula da suka yi mulki lokacin da sojojin waje ke nan sun samu shekaru na sarari, suka ɓarnatar. A 2014 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya dakatar da tallafinsa ga Mali saboda sayen jirgin shugaban ƙasa Ibrahim Boubacar Keïta da wasu kwangilolin kayan soja da ba su bi ƙa'ida ba. Yarjejeniyar zaman lafiya ta Aljiyas da aka sa wa hannu a 2015 ta zauna a takarda. A Maris 2019 aka yi wa Fulani kimanin 160 kisan gilla a Ogossagou. A Nijar, bayan an kashe sojoji 71 a Inates a Disamban 2019 da wasu 89 a Chinagodar a Janairun 2020, binciken ma'aikatar tsaro ya bankaɗo biliyoyin sefa da suka salwanta ta hanyar ƙarin farashi da makaman da aka biya ba a kawo ba. Wannan ba aikin baƙo ba ne.

Sojojin da suka karɓi mulki sun zo da alƙawari ɗaya babba: tsaro. Sun kuma gane cewa faɗa da Faransa yana jawo musu farin jini fiye da komai. Bamako ta kawo sojojin hayar Wagner na Rasha a ƙarshen 2021, ta kori jakadan Faransa ranar 31 ga Janairun 2022. Ƙasa mai 'yanci tana da ikon cewa baƙo ya tafi, babu jayayya a nan. Abin tambaya shi ne me aka tanada wa mutanen da ke zaune a gefen sansanonin da za a bari. A yankin Menaka, cikin watannin da Faransawa ke janyewa, mayaƙan ƙungiyar IS suka afka wa ƙauyuka, suka kashe ɗaruruwan mutane, dubbai suka tsere. A Moura, a ƙarshen Maris 2022, ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce sojojin Mali da wasu mayaƙan waje sun kashe aƙalla mutum 500. Bamako ta yi watsi da rahoton.

Hanyar Kidal zuwa Gao

In ana neman wurin da gazawar ficewa ta fito fili, a dubi yadda MINUSMA ta tafi. Rundunar ta yi shekara 10 a Mali, ta rasa ma'aikata fiye da 300, kuma akasarin sojojinta 'yan Afirka ne, har da 'yan Ghana da Nijar da Chadi da Togo da Senegal. Ranar 16 ga Yunin 2023 ministan harkokin wajen Mali Abdoulaye Diop ya nemi ta fice ba tare da ɓata lokaci ba. Makonni biyu bayan haka Kwamitin Sulhu ya amince, ya ba da wata shida kacal a kwashe sojoji da 'yan sanda fiye da 10,000 daga sansanoni da ke warwatse cikin hamada.

Ba a yi wata yarjejeniya kan wanda zai gaji sansanonin arewa ba. Gwamnati ta ce nata ne, tsofaffin 'yan tawaye suka ce yarjejeniyar Aljiyas ba ta ba ta damar shigowa haka kawai ba. Da aka zo miƙa sansanin Ber a Agusta sai faɗa ya ɓarke, yaƙin da aka tsayar tun 2015 ya dawo. Ƙungiyar JNIM ta datse hanyoyin shiga Timbuktu, ranar 7 ga Satumba kuma aka kai hari kan jirgin ruwan fasinja a kogin Neja, fararen hula da dama suka mutu. MINUSMA ta bar Tessalit da Aguelhok a Oktoba cikin gaggawa, tana lalata kayan aikin da ta kasa ɗauka. Ranar 31 ga Oktoba ayarin ƙarshe, mai sojoji fiye da 800, ya tashi daga Kidal zuwa Gao, tafiyar kimanin kilomita 350. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ba a ba ta izinin tashin jiragen da za su yi wa ayarin rakiya ba. Motocin suka riƙa taka nakiyoyi, sojoji fiye da 30 suka jikkata. Su kuma hukumomin Bamako suka zargi rundunar da barin sansanin Kidal a hannun 'yan tawaye ba tare da miƙa shi ga gwamnati ba.

Ranar 14 ga Nuwamban 2023 sojojin Mali tare da Rashawa suka shiga Kidal, abin da aka kasa yi cikin kusan shekara 10. An yi shagali a Bamako, kuma dole a rubuta wa gwamnatin soja wannan nasarar. Amma lissafin bai tsaya nan ba. A Janairun 2024 aka soke yarjejeniyar Aljiyas. A Yuli aka yi wa ayarin sojojin Mali da Wagner mummunar ɓarna a Tinzaouaten. Ranar 17 ga Satumba aka kai hari makarantar jandarmomi da filin jirgin saman Bamako. Daga Satumban 2025 JNIM ta shiga ƙona tankokin mai a hanyoyin da suka fito daga Senegal da Kodibuwa, har gwamnati ta rufe makarantu na mako biyu saboda rashin mai.

A kwatanta da yadda Amurka ta bar Nijar. Hukumomin Yamai sun soke yarjejeniyar soja a Maris 2024 cikin ɓacin rai, amma ɓangarorin biyu suka zauna a watan Mayu, suka tsayar da 15 ga Satumba a matsayin wa'adi, aka miƙa sansanin Yamai a Yuli, na Agadez a Agusta, ba tare da an yi arangama ba. Ashe ana iya rabuwa ba tare da an ƙona gida ba, in masu rabuwar sun so.

Kason da aka yanke a nan Accra

Mu mazauna Ghana bai kamata mu karanta wannan labarin kamar na wata duniya ba. A birnin nan shugabannin ECOWAS, wato CEDEAO, suka zauna ranar 9 ga Janairun 2022 ƙarƙashin jagorancin Nana Akufo-Addo, suka rufe iyakoki da Mali, suka toshe kuɗaɗenta a babban bankin yankin, saboda sojoji sun nemi riƙon ƙwarya har na shekara biyar. Fushin shugabannin yana da dalili. Sakamakon kuwa ya zama akasin abin da suka nufa: kwana biyar bayan haka dubban mutane suka cika titunan Bamako suna goyon bayan Goïta, kuma jama'a da dama suka ɗauki ECOWAS a matsayin 'yar amshin shatan Paris. A Accra ɗin aka janye takunkumin a watan Yuli.

A Disamban 2022 Akufo-Addo ya faɗa a Washington cewa Burkina Faso ta kawo Wagner har ta ba su mahaƙar ma'adinai a matsayin lada, maganar da ta fusata Wagadugu, alhali maƙwabciya ce da ake buƙatar haɗin kanta wajen tsaron iyaka. Bayan juyin mulkin da ya kifar da Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, a Accra hafsoshin sojin ECOWAS suka gana ranakun 17 da 18 ga Agusta, aka ce an tsayar da ranar shiga Nijar. Ranar ba ta zo ba. Abin da ya zo shi ne kafa ƙawancen AES a Satumba, da ficewar ƙasashen uku daga ECOWAS, wadda ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025.

Wa ya biya kuɗin wannan? Motocin albasar Galmi da suka maƙale a kan iyakar Benin har kaya suka ruɓe, da 'yan kasuwar Adjen Kotoku da farashin buhu ya yi musu tashin gwauron zabo. Direbobin da ke ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema su bi ta Paga zuwa Wagadugu da Yamai, waɗanda ke tsallaka yankunan da babu tabbas. 'Yan gudun hijirar Burkina da ke zaune a yankin Bawku, da Fulanin da aka tasa ƙeyarsu a Yulin 2023 har hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kira ga Ghana ta dakata. Da yawa daga cikin waɗannan mutanen danginmu ne, ko abokan cinikinmu, ko waɗanda muke sahu ɗaya da su a masallaci.

Ma'aunin da ya rage

In an tattara, Faransa ce ke da alhakin zama ba tare da manufar siyasa ba, da toshe ƙofar tattaunawa, da sanar da tafiya bisa lissafin cikin gidanta. Gwamnatocin farar hula ne ke da alhakin cinye lokacin da aka saya musu. Gwamnatocin soja ne ke da alhakin gaggawar korar MINUSMA ba tare da tsarin miƙa sansanoni ba, da abin da dakarunsu da abokansu suka yi wa fararen hula. ECOWAS kuma ta ɗauki alhakin takunkumin da ya ƙuntata wa talaka ya kuma ƙarfafa wanda aka nufa da shi. Laifin wani ba ya goge na wani.

Sai dai akwai bambanci tsakanin laifin jiya da alhakin yau. Sojojin Faransa sun bar Gao tun 2022. Duk ƙauyen da aka ƙona bayan haka, wanda ke riƙe da mulki ne ya kamata ya yi bayani, kuma a nan ne matsalar ta fi tsanani, domin an rufe wuraren da ake yin tambaya. A 2025 an rusa jam'iyyun siyasa a Nijar da Mali, an ba Janar Abdourahamane Tiani da Janar Goïta wa'adin shekara biyar ba tare da zaɓe ba. An dakatar da kafofin yaɗa labarai da dama, an tsare 'yan jarida. Inda babu majalisar da za ta kira ministan tsaro, babu jaridar da za ta ƙirga gawarwaki, kullum laifin na wanda ya tafi ne.

A nan muke da abin da 'yan'uwanmu na can ba su da shi a yanzu. Ghana tana da majalisa mai aiki, kuma zangunanmu suna da ƙuri'a. Shugaba John Mahama ya sauya salo: Kyaftin Ibrahim Traoré ya halarci rantsar da shi ranar 7 ga Janairun 2025, ya naɗa Larry Gbevlo-Lartey manzo na musamman ga ƙasashen AES, ya kuma ziyarci Bamako da Yamai da Wagadugu a watan Maris. Magana da maƙwabci ta fi gaba da shi. Amma 'yan majalisar da ke wakiltar Ayawaso, da sarakunan zango, da ƙungiyoyin 'yan albasa da na dillalan shanu, suna da haƙƙin su tambaya a fili: me wannan kusancin ya samar wa direban da ke kan hanyar Paga? Wane tsari aka yi na musayar bayanan tsaro tun da Shirin Accra na 2017 ya raunana? In wata ƙasar waje ta nemi girke sojoji a arewacin Ghana, wa zai amince, na tsawon wane lokaci, kuma da wane sharaɗin fita?

Tambayar ƙarshen nan ita ce wadda ba a yi ba a Bamako a 2013, lokacin da kowa ke murna. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ranar da baƙon soja zai shigo ake rubuta yadda zai fita, da wanda zai tsare garin washegari, domin mutanen Menaka da Ber da Timbuktu sun riga sun ga abin da ke faruwa in an bar maganar sai ranar tafiya.